Rumbun da Sanyi Ke Gadi: Ɗumamar Yanayi da Ƙasar Kan Tsaunuka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ajiye sauran miya ya san bambancin hunturu da bazara. A watan Janairu miya takan kwana ta wayi gari lafiya lau, amma a watan Afrilu kafin asuba ta yi tsami. Miyar ɗaya ce, tukunyar ma ɗaya ce, zafi ne kawai ya canja. Ƙananan halittun da ke lalata abinci sun fi kuzari idan akwai ɗumi, sanyi kuwa yakan kashe musu jiki. Wannan ƙa'ida da kowace uwargida ta sani ita ce tushen wata tambaya da masana kimiyya suka daɗe suna fama da ita: idan duniya ta ci gaba da ɗumama, mene ne makomar ɗimbin kabon da ke kwance cikin ƙasar kan tsaunuka masu sanyi?

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda kabon ke shiga ƙasa da yadda yake fita, da dalilin da ya sa tsaunuka suka tara shi da yawa, da abin da bincike ya gano a tsaunukan Turai da Amurka da Asiya da Afirka. Da yake kalmar ƙasa tana da ma'anoni da dama a Hausa, ina so mai karatu ya lura cewa a mafi yawan wurare a nan ina nufin ƙasar da ake shuka a cikinta, wadda saiwa ke ratsawa.

Yadda Kabon Ke Shiga Ƙasa da Yadda Yake Fita

Kabon sinadari ne da ke jikin duk wani abu mai rai. Gawayin da ake girki da shi galibinsa kabon ne, kuma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. A sararin sama yana haɗe da iskar oksijin, wato abin da ake kira kabon dayoksaid, wanda zan riƙa kira iskar kabon don sauƙi. Wannan iska tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin kashi 280 cikin miliyan na wannan iska a sama, amma a 2024 ta haura kashi 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce a wannan shekarar zafin duniya ya ɗara na kafin masana'antu da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyos.

Tsirrai ne ke sauko da kabon daga sama. Ganye yana zuƙar iskar kabon, ya yi amfani da hasken rana ya gina itace da saiwa da 'ya'ya. Idan ganye ya faɗi ko saiwa ta mutu, sai masu ruɓarwa su kama aiki. Gara da tana da sauran ƙwari su daddatsa shi, sannan funfuna da bakteriya su ƙarasa. Su ma suna numfashi kamar mu, don haka mafi yawan kabon da suka ci yakan koma sama. Wannan iska da ke fita daga ƙasa, tare da wadda saiwoyi masu rai ke fitarwa, ita masana ke kira numfashin ƙasa. Ɗan abin da ya rage bai gama ruɓewa ba shi ne ke mayar da ƙasa baƙa mai laushi, irin wadda manomi ke murna idan ya samu.

Ana iya kwatanta ƙasa da rumbu. Tsirrai ne masu zubawa, ƙananan halittu ne masu ɗiba. Idan zubawa ta fi ɗiba, rumbu ya cika. Idan ɗiba ta fi zubawa, ya soma raguwa. Rumbun kuwa ba ƙarami ba ne. An ƙiyasta cewa mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 1,500, alhali wanda ke sararin sama kimanin tan biliyan 900 ne, wanda ke jikin tsirrai kuma kimanin biliyan 450. Haka kuma numfashin ƙasa yana fitar da kabon da ya ninka na ƙona fetur da gas da kwal kusan sau 9 zuwa 10 a kowace shekara. Abin bai zama bala'i ba saboda tsirrai suna mayar da shi. Amma lissafin ya nuna cewa da numfashin ƙasa zai ƙaru da kashi 10 cikin 100 kawai ba tare da tsirrai sun ƙara zuƙa ba, da ya zama kamar an ninka hayaƙin motoci da masana'antun duniya. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalilin da Ya Sa Tsauni Ke Tara Kabon

Idan mutum yana hawa tsauni, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000. A ɗaya ɓangaren, masana sun auna cewa saurin ruɓewa yakan ninka sau biyu a duk ƙarin digiri 10. Idan aka haɗa waɗannan biyu, ganyen da ya faɗi a tsayin mita 1,500 yana buƙatar kusan ninki biyu na lokacin da ɗan'uwansa na bakin teku ke buƙata kafin ya ruɓe. Tsirran kan tsauni ma ba su girma da sauri, amma sanyi ya fi hana masu ɗiba sakat fiye da yadda yake hana masu zubawa. Saboda haka kowace shekara ana samun ɗan rara, rara kuwa idan ta taru shekaru dubbai sai ta zama tari. Ƙasar tsaunukan Alps na Turai, alal misali, ta ginu ne a hankali tun bayan da ƙanƙara ta janye fiye da shekara 10,000 da suka wuce.

Akwai misalin da ke nuna ƙarfin sanyi ƙarara. A watan Satumba na 1991 wasu Jamusawa biyu masu yawon hawan dutse suka ci karo da gawar wani mutum a cikin ƙanƙara, a tsayin mita 3,210, kusa da iyakar Italiya da Ostiriya. Da aka bincika sai aka tarar ya rasu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Fatarsa tana nan, takalmansa suna nan, har abincinsa na ƙarshe yana cikin tumbinsa. Mutumin, wanda aka laƙaba wa suna Otzi, ya bayyana ne saboda ƙanƙarar da ta rufe shi ta narke. Abin da sanyi ya yi wa gawarsa shi yake yi wa matattun ganyaye da saiwoyi, sai dai ba da wannan tsananin ba.

Ban da sanyi akwai damshi. Tsaunuka da yawa suna shan ruwan sama da hazo, kuma idan ruwa ya cika ƙofofin ƙasa, iskar oksijin ba ta shiga sosai, masu ruɓarwa kuma sai su rasa numfashi. Wannan ne ya sa filayen ciyawa na can ƙololuwar tsaunukan Andes, a Kolombiya da Ekwado, suke da ƙasa baƙa wuluk mai kauri.

Wani abu mai muhimmanci shi ne irin ajiyar da aka yi wa kabon ɗin. Wani kabon yakan manne da ƙwayoyin yumɓu da sinadaran ƙarfe, ta yadda bakteriya ba ta iya kaiwa gare shi cikin sauƙi. Wannan kamar hatsin da aka kulle a ɗaki ne. Wani kuwa gutsattsarin ganye ne da saiwa da ke zube kawai, ba abin da ya hana a ci su sai sanyi. Bincike ya nuna cewa a yankuna masu sanyi kashi mai yawa na kabon saman ƙasa irin na biyun ne. Ke nan rumbun tsauni ba shi da ƙofa mai ƙarfi, mai gadi kawai yake da shi, mai gadin kuwa shi ne sanyi.

Mai Gadi Ya Soma Gyangyaɗi

A 2019 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto na musamman a kan teku da ƙanƙara. Rahoton ya nuna cewa a 'yan shekarun da suka gabace shi, tsaunukan yammacin Arewacin Amurka da Alps da manyan tsaunukan Asiya suna ɗumama da kimanin digiri 0.3 a duk shekara 10, alhali matsakaicin duniya kimanin 0.2 ne. Yankin Alps ya ƙara zafin kusan digiri 2 tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 21. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne farin dusar ƙanƙara yana mayar da hasken rana sama. Idan ta narke, baƙin dutse da ƙasa su bayyana, su kuwa shanye zafi suke yi, sai narkewar ta ƙara sauri.

Bugu da ƙari, ƙananan halittun ƙasa mai sanyi sun fi na ƙasa mai zafi jin canji. Ƙarin digiri ɗaya a inda zafi yake digiri 5 ya fi tayar da su fiye da ƙarin digiri ɗaya a inda zafi yake 25. Wato wuraren da suka fi saurin ɗumama su ne kuma suka fi saurin amsawa.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Gani ya kori ji, don haka masana ba su tsaya ga lissafi ba. Sun bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce a ɗumama ƙasa da gangan. A Stillberg, kusa da garin Davos na Suwizalan, a tsayin kimanin mita 2,180 inda bishiyoyi ke ƙarewa, an shimfiɗa wayoyin lantarki a kan ƙasa tun daga 2007, aka ɗaga zafinta da digiri 4 a lokacin da tsirrai ke girma. A shekarar farko numfashin ƙasa ya ƙaru da kashi 45 cikin 100. Da aka bi diddigin kabon da ke fita, sai aka gano cewa ƙarin ya fito ne daga tsohuwar ajiya, kuma ya zarce abin da tsirrai suka tara. A Achenkirch na Ostiriya, a wani daji mai tsayin mita 910, irin wannan gwaji ya ƙara numfashin ƙasa da kimanin kashi 40, kuma bayan shekara 9 ƙananan halittun ba su nuna alamar sassautawa ba. A dajin Blodgett na tsaunukan Kalifoniya kuwa an kafa sandunan ɗumamawa, aka ɗumama ƙasa har zurfin mita ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa cikin shekara 4 da rabi ƙasar can ciki ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na kabon ɗinta. Wannan ya ba mutane mamaki, domin an daɗe ana ɗaukar kabon da ke zurfi a matsayin wanda ba ya motsi.

Hanya ta biyu ta fi ba ni sha'awa saboda hikimarta. Tun da gindin tsauni ya fi ƙololuwarsa zafi, tsaunin da kansa ya zama ɗakin gwaji. A kwarin Kosnipata na ƙasar Peru, inda Andes ke gangarawa zuwa dajin Amazon, masana sun yanko dunƙulen ƙasa suka yi musu ƙaura tsakanin wurare masu tazarar tsayi kusan mita 3,000. Ƙasar da aka sauko da ita ta tsinci kanta a yanayin da ya fi nata zafi. Bayan shekara 5, kamar yadda Andrew Nottingham da abokan aikinsa suka bayyana a 2019, kabon ya ragu da kimanin kashi 4 cikin 100 a kan kowane ƙarin digiri ɗaya. Haka kuma nau'o'in ƙananan halittun da suka fi son ɗumi sun ƙaru a cikin dunƙulen.

Hanya ta uku ita ce a koma inda aka taɓa aunawa a sake aunawa. Jörg Prietzel na wata jami'ar fasaha a birnin Munik da abokansa sun sake ɗibar ƙasa a wuraren da aka auna tun daga shekarun 1970 a tsaunukan kudancin Jamus. A 2016 suka sanar cewa saman ƙasar dazuzzukan ya rasa kimanin kashi 14 cikin 100 na kabon ɗinsa cikin shekara 30, kuma inda ƙasa ta fi wadatar kabon nan asarar ta fi yawa. Ba wanda ya sa wa waɗannan dazuzzuka wayar lantarki. Masanan sun danganta asarar da ɗumamar yanayi. Wani abin lura shi ne ƙasar makiyayar da ke yankin ba ta nuna irin wannan raguwar ba.

Akwai kuma wata dabara mai arha da wasu masana a ƙasar Holan suka fito da ita a 2013. Ana binne ƙunshin ganyen shayi iri biyu, mai saurin ruɓewa da mai taurin kai, a zurfin santimita 8. Bayan kwana 90 a tono su, a shanya, a auna nauyin da suka rasa. Da wannan hanya ɗalibai da manoma a ƙasashe da dama sun taimaka wajen kwatanta saurin ruɓewa daga wuri zuwa wuri, har da gangaren tsaunuka.

Inda Labarin Ya Sha Bamban

Da a ce duk sakamakon iri ɗaya ne, da magana ta ƙare. Amma akwai wuraren da suka ba da wata amsa, kuma sanin dalilinsu shi ne ke sa a fahimci al'amarin sosai.

A gangaren tsaunin Mauna Kea na tsibirin Hawayi, Christian Giardina da abokansa sun kwatanta dazuzzuka masu bishiyoyi iri ɗaya waɗanda zafinsu ya bambanta da digiri 5. A 2014 suka bayyana cewa numfashin ƙasa ya fi yawa a wurare masu ɗumi, amma yawan kabon da ke ajiye bai bambanta ba. Dalili na farko shi ne bishiyoyin wurin ɗumi sun fi zubar da ganye da saiwa, wato zubawa ta ƙaru daidai da ɗiba. Na biyu, ƙasar ta samo asali ne daga tokar dutse mai aman wuta, wadda sinadaranta ke riƙe kabon gam. Wannan rumbu ne mai ƙofa.

A tudun Tibet, wanda matsakaicin tsayinsa ya haura mita 4,000, wani bincike na 2017 ya kwatanta ƙasar da aka ɗiba a shekarun 2000 da ta shekarun 2010, ya tarar kabon ya ƙaru a santimita 30 na sama. Yankin ya ƙara ɗumi da damshi, ciyawa kuma ta ƙara yabanya. Sai dai a ƙarƙashin wannan ciyawa akwai daskararriyar ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan ɗaya, wadda ba ta narkewa rani da damina, kuma tana ɗauke da tsohon kabon. Abin da ke faruwa idan irin wannan ƙasa ta soma narkewa an gan shi a tudun Niwot na jihar Kolorado a Amurka. Awon da aka yi na shekara 7, wanda aka buga a 2019, ya nuna filin yana fitar da iskar kabon fiye da yadda yake zuƙa, kuma wani ɓangare na iskar daga tsohon kabon ya fito.

Dusar ƙanƙara ma tana da nata ruɗanin. Idan ta yi kauri takan zama mayafi, ta hana ƙasa daskarewa, ƙananan halittu su ci gaba da aiki a ƙarƙashinta duk tsawon hunturu. Wani bincike na 2006 a dazuzzukan Niwot ya nuna cewa a shekarun da dusar ta yi ƙaranci ƙasa ta fi sanyi, numfashinta kuma ya ragu. Ashe ɗumamar iska tana iya sanyaya ƙasa a wani lokaci na shekara. Haka nan fari yana iya dakatar da ruɓewa, domin bakteriya ba ta aiki a busasshiyar ƙasa. Amma a ƙasa mai jiƙe kamar ta ƙololuwar Andes, bushewa tana buɗe wa oksijin hanya, ruɓewa ta tashi.

Sai batun bishiyoyi. A kowane dogon tsauni akwai iyakar da bishiya ba ta wucewa saboda sanyi. Wani nazari na 2009 da ya haɗa wurare 166 a duniya ya tarar cewa a kashi 52 cikin 100 na wuraren wannan iyaka tana matsawa gaba. Mutum zai ɗauka cewa ƙarin bishiya ƙarin ajiya ne. To, a Abisko da ke tsaunukan arewacin Suwidin, binciken da aka buga a 2012 ya nuna cewa filin gajerun tsirrai da ke sama da iyakar ya fi dajin da ke ƙasa da ita tarin kabon, ko da an haɗa da na jikin bishiyoyin. Saiwar bishiya tana tsattsafo da sinadarai masu zaƙi waɗanda ke ƙara wa ƙananan halittu kuzari, su kuma da sun samu ƙarfi sai su far wa tsohuwar ajiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa iyakar daji ja da baya ta yi. Andreas Hemp ya nuna a 2005 cewa ƙaruwar bushewa da gobarar daji sun tura ta ƙasa da ɗaruruwan mitoci.

Idan na tattara waɗannan misalai, ina ganin tambayoyi uku ne ke yanke hukuncin kowane tsauni. Shin tsirrai za su iya ƙara zubawa daidai da ƙarin ɗiba? Shin kabon ɗin a kulle yake cikin yumɓu da tokar aman wuta, ko sanyi kaɗai ke tsare shi? Shin ruwa zai ƙaru ne ko zai ragu? Inda ƙasa ta tara kabon mai yawa wanda ba shi da wata kariya sai sanyi da damshi, nan ne asara ta fi tabbata.

Ina Ruwanmu da Wannan?

Ruwanmu na farko shi ne sama ɗaya muke da ita. Kowane tan ɗaya na kabon da ya bar ƙasa yana zama tan 3.67 na iskar kabon. Iskar tana ƙara zafi, zafin yana ƙara ruɓewa, ruɓewar tana ƙara iskar. Iskar da ta tashi daga Tibet kuma ba ta neman izinin shiga kafin ta iso Legas ko Sakkwato.

Na biyu shi ne ruwan sha da na noma. Baƙar ƙasa tana aiki kamar soso: ta shanye ruwan sama, ta riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Birnin Bogota na Kolombiya yana samun mafi yawan ruwan shansa daga filayen Chingaza da ke kan Andes. Idan kabon ya ragu, ƙasa takan rasa wannan laushi, ruwa ya riƙa gangarowa gaba ɗaya da damina yana tafe da zaizaya, da rani kuma rafi ya ƙafe. Ga tsauni mai gangare, saiwa da ruɓaɓɓen ganye su ne ke ɗaure ƙasa a jikin dutse.

Na uku, mu ma muna da namu tsaunukan. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200, Obudu a jihar Kuros Riba da Mambila a jihar Taraba kimanin mita 1,600, Chappal Waddi kuwa, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Bisa lissafin da muka yi a baya, Mambila ta fi bakin teku sanyi da kimanin digiri 10. Wannan sanyi ne ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara da dankalin Turawa a Filato, kuma shi ne ke rage saurin ruɓewa a ƙasarsu. Kogin Kaduna da na Gongola daga tudun Jos suka taso, kogin Donga da na Taraba kuma daga tsaunukan yankin Mambila suke gangarowa zuwa Binuwai. Wani babban nazari na 2021 ya nuna cewa dazuzzukan kan tsaunukan Afirka suna ɗauke da kabon kimanin tan 150 a kowace hekta a jikin bishiyoyi kaɗai, kuma an yi asarar hekta kusan 800,000 na irin waɗannan dazuzzuka tun daga 2000. Dajin Ngel Nyaki na Mambila yana cikin irin dazuzzukan da suka rage mana. Ƙa'idar zafi da ruɓewa ba ta san iyakar ƙasashe ba, abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awe.

A tsaunuka irin namu hannun ɗan Adam yana haɗuwa da ɗumama. Sare daji yana cire inuwa, rana ta doki ƙasa kai tsaye, zafinta ya tashi nan take ba sai an jira shekara hamsin ba. Ƙona ciyawa yana cinye ganyen da ya kamata ya koma ƙasa, wato yana rage zubawa. Huɗa a kan gangare tana farfasa ƙasa, oksijin ya shiga, ruwa kuma ya kwashe saman. Kiwon da ya wuce kima yana barin ƙasa tsirara. Duk waɗannan abubuwa ne da jama'a da hukuma ke da iko a kansu. Barin daji a gangare mai tsauri, da yin kunya ta gicciye maimakon bin gangare, da mayar da taki da kara gona, da ba makiyaya hutu, ba za su tsayar da ɗumamar duniya ba, amma za su rage wa ƙasa nauyi biyu ya koma ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ƙasar kan tsauni ta tara kabon ne saboda sanyi da damshi sun daɗe suna danne masu ruɓarwa. Mun ga gwaje-gwajen Suwizalan da Ostiriya da Kalifoniya da Peru, da awon dazuzzukan Jamus, duk suna nuna cewa ƙarin zafi yana gaggauta ɗiba. Mun kuma ga Hawayi da Tibet, inda ƙarin girman tsirrai ko irin ƙasar ya cike giɓin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin daidaiton lokaci. Dazuzzukan Alps sun shafe shekara 10,000 suna tara ajiyarsu, amma shekara 30 ta isa a rasa kashi 14 cikin 100 na wadda ke sama. Bishiyar da aka sare ana iya dasa wata ta yi inuwa a zamanin wanda ya dasa ta. Baƙar ƙasar da ta tafi kuwa, jikokin jikokinsa ma ba lalle su ga dawowarta ba. Saboda haka hanya mafi arha ita ce a hana ajiyar fita tun tana ciki, ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da kuma kula da dazuzzuka da makiyayar kan tsaunuka. Rigakafi dai ya fi magani.